Denis Burkitt: Likita mai ido ɗaya da ya gano sankarar muƙamuƙin yaran Afirka

A cikin cututtukan daji da ke kama ƙananan yara a Afirka, akwai wadda likitocin duniya ke kira da sunan mutum guda. Yawanci takan fara ne daga muƙamuƙi, ta kumbura kumatu, ta girgiza haƙora, kuma saurin girmanta ya kai ƙullutun ya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mai sunan shi ne Denis Parsons Burkitt, likitan tiyata ɗan tsibirin Ailan, wanda ya shafe shekara 20 yana aiki a ƙasar Yuganda. Ba shi da ɗakin bincike na kansa, ba shi da kuɗin kirki, kuma ido ɗaya gare shi. Da wannan idon ne ya lura da abin da likitoci da dama suka daɗe suna kallo ba su gane ba, har bin sawun cutar ya kawo shi Nijeriya.

Haihuwa da karatu

An haifi Burkitt a ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke yankin Fermanagh a arewacin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gadojin yankin, amma abin da ya fito da sunansa shi ne nazarin tsuntsaye. Yakan kama wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ya ɗaura masa zobe a ƙafa don ya riƙa bambanta shi da sauran, sannan ya zana a taswira iyakar inda kowanne ke kiwo. Yaron ya taso yana ganin yadda ake sanya abin da aka lura da shi a kan taswira, kuma wannan ɗabi'a ce ta zama makaminsa bayan shekara arba'in.

Yana ɗan shekara 11 wani dutse da yara suka jefa ya same shi a fuska, ya rasa idonsa na dama. A shekarar 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar ya gaji mahaifinsa a aikin injiniya, amma bai daɗe ba ya sauya zuwa karatun likita, domin shi Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma ya ɗauki jinyar marasa lafiya a matsayin aikin da aka halicce shi dominsa. Ya kammala a 1935, ya samu takardar ƙwarewa a aikin tiyata daga Edinburgh a 1938.

Burinsa shi ne ya yi aiki a Afirka, amma da ya nemi gurbi a ma'aikatar lafiya ta mulkin mallaka sai aka ƙi ɗaukarsa, kuma rashin idon na cikin dalilan da aka kawo. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa. Ya shiga sashen likitocin sojan Birtaniya, aka tura shi Kenya da Somaliya, inda ya nuna cewa ido ɗaya bai hana shi riƙe wuƙar tiyata ba. A 1943 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Olive Rogers, suka haifi 'ya'ya mata uku. Da ya sake nema bayan yaƙi aka karɓe shi, ya sauka Yuganda a 1946.

An fara ajiye shi a garin Lira da ke gundumar Lango. A nan ya lura cewa gwaiwar ruwa ta fi yawa ƙwarai a tsakanin mazan gabashin gundumar a kan na yammacinta, ya tattara alƙaluma ya wallafa. Wannan ne karo na farko da ya tambayi kansa dalilin da cuta za ta yi katutu a wani wuri ta ƙyale maƙwabcinsa. A 1948 aka mayar da shi Asibitin Mulago da ke Kampala, asibitin koyarwa na Kwalejin Makerere.

Yaro mai kumburi huɗu

A shekarar 1957 abokin aikinsa, Dokta Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5. Muƙamuƙin yaron ya kumbura a wuri huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu, haƙoransa kuma sun yi sako-sako. A ilimin da ake da shi a lokacin, sankara takan fara daga wuri ɗaya ne sannan ta bazu, don haka kumburi huɗu a lokaci guda ya fi kama da ƙurji. Sai dai alamomin ƙurji ba su cika ba. Burkitt ya ɗauki hoton yaron, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauka wani baƙon al'amari ne da ba lallai ya sake gani ba.

Bayan 'yan makonni, yana zagayen asibitin garin Jinja, sai ya hangi wani yaro mai irin wannan fuska. Da ya lalube cikinsa sai ya ji ƙullutai a ciki. Nan take ya koma ɗakin ajiye takardun marasa lafiya na Mulago, ya zaro fayil ɗin yaran da aka taɓa kawowa da kumburin muƙamuƙi. Ya tarar da yawansu suna da ƙari a ƙoda, ko a ƙwan mace, ko a bayan ido, wasu kuma ƙafafunsu sun shanye farat ɗaya saboda ƙarin ya danne lakar baya.

A nan ne basirarsa ta bayyana. Kowane likita yana kallon sashen jikin da ya ƙware a kai ne. Likitan ido ya ga ƙarin ido ya ba shi sunansa, likitan yara ya ga na ƙoda ya ba shi wani suna, mai cire haƙori ya ga kumburin dasashi ya cire haƙori. Burkitt ya haɗa su wuri guda, ya ce cuta ɗaya ce mai fitowa a sassa da dama. Cutar kuwa ba sabuwa ba ce, domin takardun Dokta Albert Cook, wanda ya kafa Asibitin Mengo a Kampala a 1897, sun nuna ya ga irin waɗannan yara tun farkon ƙarni na 20.

A 1958 Burkitt ya wallafa bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin tiyata ta Birtaniya, amma ba a kula da rubutun sosai ba. Abokan aikinsa masu nazarin tsokar jiki a ƙarƙashin madubin likita, Greg O'Conor da Jack Davies, su ne suka tabbatar cewa sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ke cikin kaluluwa. Da aka sake wallafa binciken a Amurka a 1961, duniya ta waiwayo.

Tafiyar mil 10,000

Likitocin da ke zuwa Kampala daga Afirka ta Kudu sun shaida masa cewa ba sa ganin irin wannan ƙari a can. Tambayar Lira ta dawo: ina cutar ta fara, ina ta tsaya? Da tallafin da bai wuce fam 25 ba ya buga takardu masu ɗauke da hotunan yaran da 'yan tambayoyi, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a sassan nahiyar ta gidan waya. Duk amsar da ta dawo sai ya soka allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. Sannu a hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga gabas zuwa yamma, da wata jela da ta gangara gaɓar tekun gabas har Mozambik.

A watan Oktoba na 1961 ya kama hanya tare da likitocin mishan biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, a cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Cikin mako 10 suka ci kimanin mil 10,000, suka ziyarci asibitoci kusan 60 a gabashi da kudancin Afirka. A ko'ina hoto suke nunawa, su tambayi ma'aikata ko sun taɓa ganin yaro mai irin wannan fuska, kuma daga wane ƙauye aka kawo shi.

Sakamakon ya nuna cewa tudu ne ke yi wa cutar iyaka. A tsakiyar nahiyar ba a cika samunta a wuraren da tsayinsu ya haura ƙafa 5,000 ba. A Malawi iyakar ta sauko zuwa kimanin ƙafa 3,000, can kudu kuma ta ƙara saukowa zuwa ƙafa 1,000. Masanin ƙwari Alexander Haddow, na cibiyar binciken cututtuka da ke Entebbe, shi ya fassara abin: ba tudun ba ne, sanyi ne. Inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, cutar ba ta zama.

Kano a kan taswira

Daga nan Burkitt ya nufo Afirka ta Yamma, ya ziyarci Nijeriya da Gana. A wannan yanki babu duwatsu masu sanyi irin na gabas, amma duk da haka cutar ba ta bazu daidai wa daida ba. A kudancin Nijeriya mai yawan ruwa da kurmi ta yi yawa. A yankin Kano kuwa, duk da cunkoson jama'a, ba kasafai ake ganinta a asibiti ba. A Gana ma haka: tana da yawa a kurmi, ta yi ƙaranci a kewayen birnin Accra mai ƙarancin ruwan sama. Wannan ya ba shi sharaɗi na biyu, wato danshi. Cutar na raguwa yayin da rani ke ƙara tsawo, kuma inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba kusan babu ita.

Zafi da danshi su ne abin da sauro ke so. Saboda haka tunanin farko shi ne cewa akwai wata ƙwayar cuta da ƙwaro ke ɗauka daga yaro zuwa yaro.

Ƙwayar cuta da zazzaɓin cizon sauro

A ranar 22 ga Maris, 1961, Burkitt ya gabatar da lacca a Asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai wani masanin ƙwayoyin cuta, Anthony Epstein, wanda ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin ta jirgin sama daga Kampala. Kusan shekara uku Epstein yana nema bai ga komai ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin da ya ɗauko wani samfur zuwa Manchester, ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gauraye kamar ya lalace. Da aka duba sai aka ga ƙwayoyin ƙarin ne suka saki jiki suna yawo a raye. Daga su ne Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata sabuwar ƙwayar bairos a 1964, wadda ake kira Epstein-Barr. Ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin ƙarin daga wani yaro ɗan Nijeriya, kuma har yau ana amfani da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya.

Sai dai an gano cewa wannan bairos ba sauro ke yaɗa ta ba, ta yawu take bi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita ba tare da ta cutar da su ba. Ke nan ita kaɗai ba za ta bayyana taswirar ba. Burkitt bai nace a kan ra'ayinsa na farko ba. Ya karɓi shawarar da masanin Amurka Gilbert Dalldorf ya kawo cewa zazzaɓin cizon sauro ne abokin tafiyar, ya kuma kafa hujja a rubutunsa na 1969. Daga cikin hujjojin akwai tsibirin Zanzibar, inda aka yaƙi sauro sosai kuma ƙarin ya yi ƙaranci, alhali yana da yawa a gaɓar da ke fuskantarsa.

Fahimtar da ake da ita a yau ita ce: yaron da bairos ɗin ta kama tun yana jariri, sannan zazzaɓi ya riƙa kayar da shi a kai a kai, ƙwayoyin garkuwarsa kan yi ta rarrabuwa babu hutu. A cikin wannan hanzari ne akan samu kuskure, wani gutsure na sandar gado ta 8 ya manne a ta 14, sai ƙwayar ta rasa birki. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, kuma maza sun ninka mata.

Ƙarin da ke narkewa

Tiyata ba ta da amfani ga ƙarin da ke fitowa a wurare da yawa lokaci guda, kuma a wancan zamani babu na'urar gashin sankara a Yuganda. Burkitt ya juya ga magunguna. Ya shawo kan kamfanoni suka ba shi kyauta, ya haɗa kai da likitocin cibiyar Sloan-Kettering ta New York, irin su Joseph Burchenal da Herbert Oettgen, aka gwada methotrexate da cyclophosphamide da vincristine. Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Fuskar da ta kumbura har ido ya rufe takan sace cikin kwanaki, wasu yaran ma allura ɗaya ko biyu ta warkar da su gaba ɗaya. Saurin girman da ya sa cutar ke kisa cikin 'yan watanni shi ne kuma rauninta, domin waɗannan magunguna sun fi illata ƙwayar da ke cikin rarrabuwa.

A Ibadan, likitan tiyata ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ya yi irin wannan aiki a kan yaran Nijeriya. A 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka. Tun daga gwaje-gwajen farko wani abu ya fito fili: yaron da aka kawo ƙarinsa na ƙarami ya fi samun waraka nesa ba kusa ba a kan wanda cutar ta riga ta kai ga ɓargo ko ƙwaƙwalwa.

Abin da ya shafi Garun Malam

Kanon da Burkitt ya sanya a taswirarsa ƙasa ce mai gajeriyar damina da dogon rani, inda kududdufai ke ƙafewa sauro ya ja baya na tsawon watanni. A 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, kuma daga ita ne ake shayar da shirin noman rani na Kogin Kano da ya mamaye Kadawa da sauran ƙasar Garun Malam, da Kura, da Bunkure. Shirin ya kawo arziki. Shinkafar Kura da tumatirin kasuwar Kwanar Gafan suna ciyar da birane da dama. Amma ruwan da ke kwance a fadamun shinkafa da ƙananan magudanai cikin rani gida ne ga sauro, kuma yaron da ke kwana kusa da shi yana fuskantar cizo a watannin da kakanninsa ke samun sauƙi.

A yau rahotannin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna lissafa wannan ƙari cikin manyan cututtukan daji na yara. Kuma taswirar asibiti waɗanda suka isa asibiti kaɗai take ƙirgawa. Yaron da aka yi ta jinya a gida har rai ya yi halinsa ba ya shiga lissafin kowa.

Inda ake asarar lokaci sananne ne. Kumburin kumatu a yaro yakan yi kama da hangum ko ƙurjin haƙori. Sai a fara da shafe-shafe, a je wurin wanzami, a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, wani lokaci ma a cire haƙorin da ke girgiza a koma gida. Ga ƙarin da ke ninka kansa cikin kwana biyu, mako uku na irin wannan zagaye babbar asara ce. Alhali akwai alamomin da ke rarrabewa. Hangum yakan zo da zazzaɓi da zafi, ya sauka cikin kimanin kwana goma. Ƙurji yana da raɗaɗi da mugunya. Wannan ƙari kuwa galibi ba ya ciwo sosai da farko, yana da tauri, kullum ƙaruwa yake, yana sassauta turamen haƙori da ba su isa faɗuwa ba, wani lokaci ya turo ido waje ko ya zo da kumburin ciki.

Ido da hannu suna sa a yi zato ne kawai. Tabbaci sai an zuƙo ko an yanko ɗan ƙarin an duba a madubin likita, aikin da ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aikin ma'aikacin lafiya na ƙauye shi ne ya yi zaton da wuri ya tura yaron a ranar. Wannan ƙa'ida ta shafi manya ma: gyambon baki ko na harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja da ya ƙi gushewa, musamman ga mai shan taba, abin a kai wa likita ne. A ƙasashe masu arziki kimanin yara tara cikin goma masu ƙarin Burkitt suna warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin cututtuka shida da ta fi mayar da hankali a kansu a shirinta na 2018, mai burin ganin aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara suna rayuwa nan da 2030.

Aikinsa na biyu da rasuwarsa

Burkitt ya koma Ingila a 1966, ya ci gaba da aiki da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya. A nan ya sake ɗaukar taswira. Ya lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Turai, kamar sankarar babban hanji da basir da taurin bayan gida, bai cika ganinsu a ƙauyukan Yuganda ba. Bisa tunanin wani likitan sojan ruwa, Peter Cleave, kuma tare da tsohon abokinsa Trowell, ya danganta hakan da cin abincin da aka cire wa dusa. Ya wallafa bincikensa a kan sankarar hanji a 1971, ya rubuta littafi ga talakawa a 1979, ya zagaya duniya yana jan hankali a kan hatsin da ba a tace ba, da wake, da ganye. Ba duk abin da ya danganta da dusa ne bincike ya tabbatar ba, amma amfaninta wajen kare hanji ya samu karɓuwa a wurin masana.

An zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya a 1972. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da sauƙin kai da raba yabo ga abokan aiki, musamman likitocin ƙananan asibitoci da suka amsa wasiƙunsa. Ya rasu sakamakon shanyewar ɓarin jiki a ranar 23 ga Maris, 1993, a Gloucester, yana da shekara 82, aka binne shi a ƙauyen Bisley.

Kayan aikinsa ba su wuce na'urar ɗaukar hoto, da takardun marasa lafiya, da taswira, da al'adar tsayawa ya duba da kyau ba. Magungunan da ya fara gwadawa a Kampala fiye da shekara 60 da suka wuce har yanzu suna cikin waɗanda ake ba yara a asibitocin koyarwa na Arewa, kuma suna aiki ne gwargwadon yadda aka hanzarta kawo yaron.